Lepakshi, Ramappa ko Somanathapura: wanne ya cancanci kuɗin motarka?

Da yawa daga mutanenmu da ke zuwa Indiya jinya ko karatu a Bangalore ko Haidarabad suke sauka. Idan mara lafiya ya samu sauƙi, an rage kwana ɗaya kafin jirgi, akwai tsofaffin wuraren bautar Hindu da ba su yi suna kamar Taj Mahal ba, amma sassaƙar dutsen da ke cikinsu ta isa a je a gani. Garin da kake da ƙarfin ƙafarka su za su yanke maka hukunci.

Mai zama a Bangalore, Lepakshi ne mafi sauƙi. Nisansa kusan kilomita 120 ne, a jihar Andhra Pradesh, ka tafi da safe ka dawo kafin magariba. An gina shi a ƙarni na 16, zamanin daular Bijayanagara. Abin da kowa ke tururuwar gani shi ne wani ginshiƙi da gindinsa bai zauna sosai a ƙasa ba, za ka ga mata suna zura gyale ta ƙarƙashinsa ya fito ta ɗaya gefen. Kafin ka kai ƙofar akwai wani ƙaton sa da aka sassaƙa daga dutse guda, tsawonsa daga kai zuwa wutsiya ya kai mita 8. Labarin wurin ma akwai ɗaukar hankali. Wai Birupanna, ma'ajin sarki, aka zarga da kwashe dukiyar baitulmali ya yi ginin, da ya ji za a ƙwaƙule masa idanu sai ya cire su da hannunsa ya jefi bango. Masu rakiya za su nuna maka tabo biyu jajaye, su ce jininsa ne. Kai dai ka saurara, ba dole ka gaskata ba.

Idan sassaƙa ce ta kai ka, ni Ramappa zan zaɓa, sai dai tafiyar ta fi wahala: sama da kilomita 200 daga Haidarabad. Wani kwamandan daular Kakatiya ne ya gina shi a 1213, amma sunan magini wurin ya ɗauka, abin da ba kasafai ake yi ba. Tubalin da aka yi hasumiyarsa da shi ba shi da nauyi, har yana iya yawo a kan ruwa. Siffofin 'yan rawa na baƙin dutse kuwa an goge su suna sheƙi kamar an shafa musu mai. UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 2021.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga inda ake tsaka da bauta ba, Somanathapura kusa da Maisur, wani birni a kudu maso yammacin Bangalore, ya fi masa. An daina ibada a can, gwamnati ke kula da shi, da tikiti ake shiga, kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya.

Duk inda ka zaɓa, takalmi a waje ake barinsa. A watan Afrilu da Mayu dutsen yana ƙona tafin ƙafa, don haka ka riƙe safa mai kauri, ko ka bari sai tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ka kuma gama ciniki da mai rakiya tun kafin ya buɗe baki.