Gargaɗi kan masu kwangilar ɗakin shan iska da dandamalin katako

Jama'ar Kano dan Allah a yi hattara, akwai wasu samari da ke yawo a Facebook da TikTok suna tallan wai suna gina ɗakin shan iska da dandamalin katako a bayan gida, hotunan da suke ɗorawa kuma wallahi yawancinsu na gidajen Turai ne da Amurka suka kwaso a intanet. Ɗaya daga cikinsu ya cuci maƙociyarmu, baiwar Allah mai marayu da ta tara kuɗinta don yara su samu wurin zama lokacin zafi, abin ya tsaya min a rai sosai.

Zai zo da zaƙin baki, Hajiya kaza Hajiya kaza, ya ajiye miki guntun jan katako mai nauyi ya ce irinsa zai saka, ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, a akawun mai wani suna daban kuma ba rasit. Ranar aiki sai su yi sammako su haɗa firam ɗin ƙasa cikin gaggawa su rufe da falanki kafin mai gida ya leƙo, a sha fenti, sama fes, kyan ɗan maciji.

To a ƙasan nan cutar take. Da damina ta yi nisa wurin maƙociyar tamu ya fara lotsawa, aka kira wani dattijon kafinta ya ɓamɓare falanki biyu, na leƙa da idona. Farin katako ne aka shafa wa baƙin mai a gefe ɗaya kawai, an kwantar da shi kai tsaye kan ƙasa, babu ginshiƙi babu komai, gara ta yi hanyarta da jar ƙasa tun daga ƙasa har sama, dattijon ya danna da babban yatsa katakon ya burma. Tsakanin katakon da ke ɗauke da falanki zuwa ɗan'uwansa ya kusa mita guda, ƙusoshin duk sun yi tsatsa. Shi kuwa ɗan kwangilar lambarsa a kashe.

Ga yadda aikin gaskiya yake, ko ba ka san kafintanci ba za ka iya dubawa. Katako ba ya taɓa ƙasa, ana ɗora shi kan ginshiƙan kankare ko bulo da aka cika da siminti, a sa baƙar leda mai kauri tsakaninsu don danshi, a bar sarari iska ta riƙa ratsawa, ƙasan wurin kuma a yi mata gangare ruwan watan Agusta ya wuce kada ya kwanta. Katakon da ake jerawa ƙarƙashin falanki tazararsu kamar santimita 40 ce, wato inci 16, a tsaye ake kafa su kan siririn gefe, kuma tu-bai-sikis (katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 6) ya fi tu-bai-fo (mai faɗin inci 4) ɗaukar nauyi nesa ba kusa ba. Inda ɗakin zai zauna ya fi buƙatar ƙarfi saboda bango da rufi, a nan ake ƙara ginshiƙi a ɗaure da noti. Maganin gara irin su Solignum kowane gefe ake shafawa har bakin da aka yanka da zarto, tun kafin a haɗa. Sannan busasshen katako, domin ɗanye in hunturu ya buge shi murɗewa yake ya tsage.

Shawarata, kar ka ba kowa kuɗin kaya a hannu, ku tafi 'yan katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo tare ka biya da kanka, ƙusa da noti a Kofar Ruwa. Ka ce ya kai ka wani aikinsa a nan cikin gari da ya ga damina ko biyu, ka yi magana da mai gidan. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu, biya kashi-kashi, kuma kada a buga falanki ko ɗaya sai ka zo da awo ka auna firam ɗin ka ɗauki hoto. In ya fara cewa Alhaji ba ka yarda da ni ba ne, ka sallame shi. Wanda kuma aka riga aka yi wa, ya adana hirar WhatsApp da shaidar tura kuɗi ya kai wa 'yan sanda, dan Allah a tura wa 'yan'uwa musamman mata masu gini su kaɗai.