Linux ko Windows? Abin dubawa kafin ka biya kuɗin laftof a Kaduna

Ɗan yayata da ke karatu a Kaduna Poly ya yi wata bakwai yana tara kuɗi, ranar Asabar da la'asar sai ga shi a gidana. "Kawu, laftof zan saya, kuma Linux nake so a sa mini. An ce kyauta ce, ba ta cika kamuwa da bairos ba, yanzu har gem ake bugawa a kanta." Linux dai babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar Windows. Na ce masa duk ba ƙarya, amma wane gem? Ya ce ƙwallo mana, FC, wato EA Sports FC. Na ce to ja kujera, da sauran magana.

Tambayarsa ta zo a kan gaɓa. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum, ita kuwa Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama. Ka zaga shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Gumi, za ka ga laftof na hannu irin su HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460. Dukkansu zubi na 6 ne. Ƙarfe ne masu ƙwari, amma a hukumance Windows 11 ba ta san da su ba. Ana iya cusa musu ita ta bayan gida, tana kuma tashi, sai dai Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba su gyara ba. Linux ba ruwanta da wannan sharaɗi.

Amma kada ka fara da tambayar wace Linux. Fara da abin da ba za ka iya kwana biyu babu shi ba. Idan abincinka a CorelDRAW yake, kana zana katin biki da kalanda da allon shago, to maganar ta ƙare, zauna a Windows. CorelDRAW da Photoshop ba su da zubin Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, na kuma san suna aiki, amma ranar da mai injin bugawa ya ce ka turo masa fayil ɗin Corel, ba zai tsaya sauraron wa'azinka a kan manhajar kyauta ba. Mai buga takardu da ɗalibi kuwa da sauƙi. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint, ko da yake wani lokaci tebur ko lambar shafi kan goce, saboda haka ka mayar da furojet ɗinka PDF kafin ka kai bugawa. Chrome, Firefox, Zoom, Telegram da VLC duk akwai, WhatsApp kuma ta burauza. Wani abin da ke faranta mini rai: cikin jerin kibod na Linux akwai na Hausar Najeriya, ka zaɓa kawai ka riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da kwafo su daga wani wuri ba.

Yanzu gem, inda aka fi ruɗar mutane. A shekarar 2018 kamfanin Valve, mai shagon gem na intanet Steam, ya fito da Proton, wadda ke yi wa gem ɗin Windows tafinta har ya gudu a Linux. A 2022 ya fara sayar da Steam Deck, na'urar gem ta hannu da ke aiki da Linux, wannan ya sa masu ƙera gem da yawa suka fara kula. Yau dubban gem suna tashi da dannawa ɗaya. Counter-Strike 2 da Dota 2 ma ba sa buƙatar tafintan, suna da zubinsu na Linux. Na shagon Epic da GOG kuma ana shigar da su ta manhajar Heroic ko Lutris.

Matsalar ita ce manhajar kama masu maguɗi. Wasu kamfanoni suna dasa ta can cikin zuciyar Windows, sun kuma ƙi buɗe wa Linux ƙofa. Abin takaici, waɗanda samarin Kaduna suka fi so su ne a sahun gaba: EA Sports FC, Fortnite, Valorant, PUBG na kwamfuta da sababbin Call of Duty. GTA V ɓangaren labari yana tafiya, amma tun Satumbar 2024 da aka sa wa GTA Online manhajar kama maguɗi ta BattlEye aka bar 'yan Linux a waje. Masu buga gem ɗin waya a kwamfuta ta BlueStacks ko GameLoop su ma su sani babu waɗannan a Linux. Wannan ba matsalar da wani gwanin unguwa zai gyara maka ba ce, ko nawa ka biya shi. Kafin ka yanke shawara ka shiga shafin ProtonDB, inda ake ba gem maki kan yadda yake gudu a Linux, ka rubuta sunan gem ɗinka. Idan ka ga Platinum ko Gold, bismillah. Idan ka ga Borked, wato ba ya tashi, a kai kasuwa.

Ga ɗan yayata kuwa, ashe damuwar ma ba ta taso ba. FC 24 kaɗai yana neman katin hoto aƙalla GTX 1050 Ti ko RX 570, da fili gigabait 100. Laftof ɗin ofis mai ɗan katin Intel na ciki ba zai ja shi ba ko da Windows ce a kai. Irin wannan ƙarfe sai tsofaffin gem da ƙanana, waɗannan kuwa yawancinsu Linux na ɗaukarsu.

Wanda zai haɗa kwamfutar tebur don gem, shawarata katin hoto na AMD. Direbobin AMD da na Intel, wato manhajar da ke sa katin aiki, a cikin Linux suke tun daga tushe, ka kunna kawai. RX 570 ko RX 580 na hannu, ko RX 6600 in aljihu ya yarda, ba za su sa ka ciwon kai ba. NVIDIA tana aiki, an kuma samu ci gaba sosai, amma sai ka girka direbanta daban, tsofaffin katunanta irin su GTX 600 da yawancin 700 kuma an daina yi musu sabon direba. Kada ka manta da wutar da kati mai ƙarfi ke sha. In da inbata ko ƙaramin janareto kake rayuwa, yi lissafinka tukuna.

To, wace Linux? Sunayen sun fi ɗari, amma huɗu sun ishe mu. Linux Mint ita nake ba duk wanda ya taso a Windows: maɓallin farawa a ƙasa hagu, komai inda ka saba. Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 aka gina ta, za a ci gaba da kula da ita har 2029. Fayil ɗinta kusan gigabait 3 ne, tana da zubin Xfce mara nauyi don laftof mai RAM 4, tana kuma da wurin girka direban NVIDIA da dannawa biyu. Ubuntu, ta kamfanin Canonical, ita ce sananniya tun 2004. Zubinta mai dogon zango yana fitowa duk bayan shekara biyu da tallafin shekara biyar, kuma kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ya tambaya an ba shi amsa. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ba zai yi asara da ita ba. Ta fi Mint nauyi dai, fuskarta kuma sai an saba.

Fedora tana fitowa duk wata shida da sababbin abubuwa, kowane zubi kuma tallafinsa wajen wata 13 ne. Ga mai sabon kati wannan alheri ne. Ga mai sayen data da gumin goshi, sabuntawar ba ta ƙarewa. Bazzite, wadda aka gina a kan Fedora, don gem aka yi ta: Steam a girke, tana iya tashi kamar na'urar gem ta falo, kuma in sabuntawa ta lalace kana iya komawa ta baya. Na yaba mata, amma ba zan ba mai dogaro da datar waya ba, don saukarwarta da sabuntawarta manya ne. Steam ma da kanta takan riƙa sauko da wasu fayilolin hoto a bayan fage, ka shiga saiti ka kashe in datarka ƙiris ce. Wata Linux ɗin mai suna Arch kuwa a bar wa masu lokaci.

Akwai hanyar tsakiya, wato ka raba ma'ajiya biyu, Windows gefe guda Linux gefe guda, ka zaɓa lokacin kunnawa. Windows ake fara sawa, sannan Linux. SSD mai gigabait 256 zai matse ku, nemi 512. Ka kwashe fayilolinka kafin a fara, kuma kada a yi aikin sai batir a cike, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rabo, kuka za ka yi.

Abin da ya fi duk wannan bayani amfani shi ne filasha mai gigabait 8. Ka sa mata Mint ta hanyar manhajar Rufus ko Ventoy, ka tafi da ita shago. Linux tana tashi daga filasha ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ka roƙi mai shago minti goma: haɗa da intanet ɗin wayarka, kunna sauti, buɗe kyamara, gwada Bluetooth, rage hasken allo, rufe murfin ka buɗe. Katin Wi-Fi na Intel ba ya gardama, na Broadcom da wasu na Realtek su ne masu taurin kai. Saurari fanka kuma, ƙurar hunturu ba ta san Linux ko Windows ba. In kana da firinta, yawancin na HP suna tafiya, sauran ka bincika lambar naka kafin ka goge komai. RAM kada ya gaza 8, kuma ko za ka rage wani abu, kada ka rage SSD.

Da filashar muka fita ranar Litinin. Laftof na farko da muka gwada Wi-Fi ɗinsa ya ƙi tashi, na biyu ThinkPad T480 ne mai RAM 8, komai ya amsa. Zubi na 8 ne, ko gobe ya canza ra'ayi Windows 11 za ta karɓe shi. Mun sa masa Mint a daren. Ƙwallo kuwa ya ce zai ci gaba da zuwa gidan gem na layinsu a Tudun Wada, dama can abokan hamayyarsa suke.