Tutar Amurka tsakanin doka da kasuwa

'Yan'uwa na gida, barkanku da war haka. Masu tambaya kan sana'ar tuta a nan Amurka, ga bayani.

Ƙa'idar tutar ta zama doka a 1942. Ta hana yin talla da ita, ta hana mai da ita sutura ko shimfiɗa, ta kuma hana buga hotonta a kan abin da ake yarwa bayan amfani, kamar kwali ko takardar goge baki. Sai dai ba a hukunta wanda ya saɓa. Shi ya sa da 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ta ƙarato, shaguna ke cika maƙil da riguna, huluna da farantan takarda masu taurari. Abin yana damuna, domin farantin da aka ci nama a kai ƙarshensa kwandon shara.

Wadda aka fi saye don ƙofar gida ita ce mai ƙafa 3 da ƙafa 5. Ta nailan ba ta da nauyi, iska kaɗan ke kaɗa ta, kuma tana saurin bushewa. Inda iska ke da ƙarfi, poliyesta mai kauri ta fi ƙarko. Mai araha buga mata launi kawai aka yi, rana na dukanta sai jan ya koɗe. Mai kyau kuwa, ratsinta 13 ɗinka su aka yi ɗaya bayan ɗaya, taurarin 50 da zare aka yi su, ramukan igiya kuma an ɗaura musu zoben tagulla don kada su yage. Mai saye ya fara duba bakin da ke nesa da sanda, nan iska ke fara ci. Idan ɗinkin wurin bai kai layi huɗu ba, ba za ta daɗe ba sai ta fara zarewa.

Ba a barin ta taɓa ƙasa, ba ta kwana a waje sai da fitila a kanta. Ranar makoki a kai ta ƙololuwa tukuna, sannan a sauko da ita tsakiyar sanda.

Hidimar da na fi so mu koya ita ce ta tsohuwar tuta. Ƙungiyar tsoffin sojoji ta American Legion tana karɓar waɗanda suka tsufa, ta ƙone su cikin girmamawa, galibi ranar 14 ga Yuni, wato Ranar Tuta.