Rumfar masa da balangu ta bayan Wunti, a idon Badamagare

Shekarata ta shida ke nan a Bauchi, amma har yau in na buɗe baki sai a ce "mutumin Faransa ya iso". Daga Damagaram nake. A can, bayan isha'i fada muke tafiya, wato majalisar hira, a ɗora buta kan gawayi a sha shayi zagaye uku. Da na zo nan sai dare ya yi mini tsawo, ga ɗaki ga bango, har wani abokin sana'ata ya ja ni wata rumfa da ke bayan kasuwar Wunti.

Masarsu ce ta kama ni. Da ma an san Bauchi da masa, amma ta nan daban take: daga tanda zuwa faranti, gefe ya yi ƙamas-ƙamas, ciki kuwa laushi kamar auduga, da ɗan tsamin shinkafar da ta kwana. Ka ce a zuba maka romo da yajin ƙuli. Mai balangun shi ma ba ya ha'inci, tsokar da ka nuna ita zai yanka a gabanka.

Shayin ne dai, Allah Ya ba mu haƙuri. Lipton da madara cikin kofi kamar bokiti. Na yi wa mai shayin ƙorafi, ya ce, "Malam, nan ba Zinder ba ce." Washegari na zo da 'yar butata da ganyen shayi. Yanzu dattawan bencin ciki su ke tambaya ko an sauke na biyu.

Daren Sallah kuwa sai ka shirya. Bayan an tashi daga kallon hawa a ƙofar fadar Sarki, kowa nan yake ɓullowa da sabon ɗinki, yara da tsabar barka da Sallah a aljihu. Bara sai da na yi kusan awa ɗaya ina jiran faranti guda, ga janareto na ta ruri a kunne, POS ɗinsu kuma ya ƙi ja. Wani Alhaji da ban sani ba ya biya mini, wai baƙo ba ya biyan abincin Sallah.

Mata galibi saye suke yi su wuce, babu wurin zaman iyali. Ka riƙo kuɗi a hannu, ka kuma zo kafin sha ɗaya, don ƙullun ba ya wuce haka.