Sharhi kan kejin ƙarfe da na saya wa kwikwiyonmu, bayan wata biyu da amfani

Na sayi kejin ne a farkon watan Disamba a hannun wani mai walda a Bukuru, bayan an haura mana katanga sau biyu a cikin damina an yi awon gaba da baturan sola. Wani abokin aikina ya ba ni kwikwiyon Alseshan ɗan mako tara, kuma tun kafin ya iso ni da mai ɗakina muka tsayar da magana cewa ba zai taka cikin ɗaki ba, domin kare a wurinmu na gadi ne, wurin zamansa tsakar gida, nesa da tabarmar sallah da kwanukan abinci. Ranar da aka sauke kejin daga a-kori-kura na yaba aikin ƙwarai. Rodin yana da kauri, rufin kwano ne mai gangara, ƙafafunsa sun ɗaga shi kamar taƙi guda daga ƙasa, sannan akwai farantin ƙarfe a ƙarƙashi wanda ake zarowa a wanke. Ban ko ja ciniki da nisa ba.

Daren farko ya yi kuka har kusan asuba, wanda na sa ran haka ga dabbar da aka raba da uwarta da 'yan uwanta a wuni ɗaya. Dare na biyu ne ba zan manta da shi ba. Wajen ƙarfe biyu da rabi sai kukan ya sauya, daga kukan kaɗaici ya koma wata irin ƙara mai shaƙewa. Na fito da tocila cikin wannan iska ta hunturu, na tarar ya cusa kansa tsakanin roduna biyu, kan yana waje jikin yana ciki, yana ta turjewa da ƙafafun baya. Kan ya wuce a sauƙaƙe lokacin fitowa, amma da ya nemi komawa sai gindin kunnuwansa ya tokare ƙarfen, kuma duk jan da ya yi wuyansa ƙara matsewa yake yi. Mai ɗakina ta kawo man gyaɗa muka shafa masa a wuya da bayan kunne, na lanƙwashe kunnuwan ina turawa a hankali, amma tsoro ya sa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, har ya kafa mini haƙori a babban yatsa. Hayaniyar ce ta tashi maƙwabcinmu, dattijo ne tsohon direba, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, kada ka ja shi, bari in ɗauko jak." Jak ɗin motarsa muka kwantar tsakanin rodunan muka buɗa su kaɗan, sannan kan ya zame ya koma. Kusan minti arba'in muka ɗauka a kan abin, kuma kwikwiyon ya ƙarasa daren a cikin kwali a ɗakin ajiya yana rawar ɗari.

Da gari ya waye na auna tazarar rodunan, yatsuna huɗu suna shiga har da saura. Na kira mai waldan, amsar da ya ba ni kuwa ita ce ta fi tunzura ni: "Alhaji, ai keji na babban kare ne, shi ma girma zai yi." Alhali kuwa tun ranar ciniki na gaya masa cewa kwikwiyo ne, har na nuna masa hotonsa a waya. Wanda sana'arsa ke nan ya kamata ya san kan ɗan mako tara bai kai dunƙulen hannun babban mutum ba. Don adalci, washegari ya zo da injinsa ya liƙa ragar ƙarfe mai ƙananan ido a rabin kejin na ƙasa, kuɗin ragar kawai ya karɓa, kuma ya miƙar da rodunan da muka tanƙwara. A lokacin na huce, har na ce wa abokin aikina kuskure ne irin na kowa.

Sai dai kukan dare bai tsaya ba, kuma a nan ne na fahimci kejin bai dace da sanyin Filato ba ko kaɗan. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi a Jos da kewaye yakan sauka ƙasa da digiri 15 da dare, ga keji a buɗe ta kowace kusurwa, ga daɓensa ƙarfe ne tsirara mai tara sanyi kamar ƙanƙara. Likitan dabbobin da ya zo yi masa allura ya taɓa daɓen da tafin hannu ya girgiza kai. Shi ne ya sa na shimfiɗa katako a rabin ciki, na ɗora tsohon bargo, na rufe ɓangarori uku da buhunan algarara, na kuma juya bakin kejin ya bar fuskantar arewa maso gabas inda iskar hunturu ke bugowa. Ya ƙara da cewa kwikwiyo mai waɗannan makonni ba ya iya riƙe fitsari fiye da sa'o'i uku, don haka rabin kukan nan neman fita ne, tunda kare ba ya son ɓata makwancinsa. Muka koma ba shi abincin ƙarshe kafin magariba, in fitar da shi bayan isha'i da kuma sau ɗaya tsakar dare, ba wasa ba magana, yana gamawa in mayar da shi. Da rana kuma a cikin kejin ake ajiye masa abinci ƙofa a buɗe, don kada ya ɗauke shi kurkuku. Na karɓo tsumman da uwarsa ke kwanciya a kai, muna kuma naɗe gorar ruwan ɗumi a cikinsa mu ajiye masa a lungu. A dare na tara ya yi barci har kiran sallar farko. Abin da zan yaba wa kejin a wannan tsakanin shi ne tsayin ƙafafunsa, domin likitan ya hana a bar shi yana birgima a ƙasar da wasu karnuka suka taka kafin ya kammala alluran cutar fabo mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawa, wadda ƙwayarta kan yi watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Allurar haukar kare kuwa sai da ya cika wata uku aka yi masa, kuma ba mu sha wahalar samunta ba tunda cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke haɗa ta tana nan kusa da mu.

Yanzu da ya haura wata huɗu yana famfarar haƙora, wasu aibobin sun fito fili. Fentin da aka shafa bai da shimfiɗar farko a ƙarƙashinsa, yana gwaguyar rodi sai ka ga baƙin ɓawo a leɓensa, dole na kankare iya inda bakinsa ke kaiwa da takardar yashi. Farantin da na yaba tun farko ya fara tsatsa a kusurwar da fitsari ke taruwa, yana kuma cijewa wajen zarowa. Sakatar ƙofar ita ce ta dawo mini da fushin daren nan gaba ɗaya, domin irin mai zamewa ce marar maƙalli, kuma ya gano cewa idan ya tura hancinsa ta saman raga ya ɗaga ta, ƙofa za ta buɗe. Sau biyu muna tashi mu tarar da shi a ƙofar kicin ya yayyage takalman yara. Mai waldan ya yi alkawarin zuwa ya sa mata kunnen kwaɗo, yau Asabar ta uku ke nan ina jiransa, ƙofar kuwa da wayar ƙarfe nake ɗaure ta kowane dare.