Leza ko allura? Ga iyayen bakwaini kafin ku sa hannu a takardar asibiti

Jaririn da aka haifa bakwaini, musamman wanda bai kai kilo 1.5 ba ko ya zo kafin sati 32, jijiyoyin jinin bayan idonsa ba su gama fitowa ba. In ya daɗe a kwalba ana ba shi oksijin sai su tsiro a karkace, in aka ƙyale su su fizgo tantanin da ido ke gani da shi ya ɓalle, daga nan sai makanta. Likitoci suna ce wa wannan ciwon ROP, mataki 5 gare shi.

A ƙasashe irin namu har jariran da suka fi haka nauyi yana kamawa. Don haka maijego, in ɗanki yana SCBU, wato sashen kula da jarirai marasa lafiya, a asibitin koyarwa na JUTH ko wani asibiti a nan Jos, ki buɗe baki ki tambaya yaushe likitan ido zai duba shi, kar ya wuce sati 4 da haihuwa ko da an sallame ku. Idon daga waje lafiya lau za ki gan shi, ba ja ba kwantsa, abinda ke yaudarar mutane kenan wlh. Da yawa yana warkewa da kansa, amma in likita ya ce sai an yi aiki to kwana 2 zuwa 3 kawai kuke da shi, ba lokacin jiran kawu ya dawo daga tafiya ba ne.

Leza, wato aiki da wani haske mai ƙarfi, ita ce aka daɗe ana yi. Ana ƙone gefen tantanin inda jini bai kai ba, sai munanan jijiyoyin su lafa. Sai an sa jaririn barci ko an ba shi maganin da zai kwantar da shi, aikin na ɗaukan lokaci, kuma ba ko wane asibiti ke da injin da wanda ya iya shi ba. Illarta yaro na iya rasa ɗan ganin gefe, da yawa kuma suna tashi da tabarau mai kauri. Amma yawanci in an yi an gama.

Allurar kuma cikin idon ake yinta, mintuna kaɗan, ɗigon maganin kashe zafi ya isa. A cikin magungunan allurar, Avastin ce aka fi amfani da ita don ta fi Lucentis da Eylea araha nesa ba kusa ba, kuma binciken da aka fitar a Amurka a 2011 ya nuna ta fi leza aiki idan ciwon yana can ciki kusa da tsakiyar tantanin. To amma ga inda matsalar take, ciwon na iya dawowa bayan makonni ko watanni, lokacin da kowa a gida ya saki jiki an ce an warke, sannan ɗan maganin yana shiga jinin jaririn da ƙwaƙwalwarsa da huhunsa ba su gama ƙwari ba. Dole a dinga kawo shi ana dubawa akai-akai na tsawon watanni, wani ma daga baya sai an ƙara masa leza.

Ni a ganina nan ya kamata ku tsaya ku yi lissafi tsakani da Allah. In daga Shendam ko Langtang kuke zuwa, kuɗin mota ma aiki ne, kun san zuwa duk sati ba zai yiwu ba, ku faɗa wa likita gaskiya kar kunya ta hana ku, in idon ya dace da leza ita ta fi muku kwanciyar hankali ko da sai an tura ku Abuja ko asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna. In kuma jaririn bai da ƙarfin da za a sa shi barci, ko ciwon na gudu da sauri, allurar ce mafita, sai maigida ya ware kuɗin zirga-zirga tun yau. Ku tambaya kuma yadda ake ɗibar maganin, don kwalba ɗaya ake raba wa mutane da yawa, tsafta a nan ba abin wasa ba ce.

Tiyata kam ba zaɓi ba ce, ita ake komawa idan tantanin ya fara ɓallewa a mataki na 4 ko 5. A na 4 ana ceto gani sosai in an yi da wuri, a na 5 ko an mayar da tantanin ganin da ke dawowa kaɗan ne, ga tsada, ga ƙarancin likitocin da ke yi wa jarirai irin wannan aikin.