Cikakken saitin gyaran famfon ruwa na injin Yamaha: ya fi sayen impela kaɗai

Masu tuƙa kwalekwale mai inji a kogin Rima da madatsar Goronyo sun san wannan matsala: a tayar da inji, a zuba ido ga ƙaramin bututun da ke tsartar da ruwa a bayansa, wanda bakanikai ke kira fitsarin inji, amma shiru, sai an ƙara wuta sannan ruwa ya fara ɗiga. Lafiyayyen famfo, wanda ke tura ruwan sanyaya inji, cikin 'yan daƙiƙu yake kawo ruwa, ko inji na kan silo, wato ba a ƙara masa wuta ba.

Da yawa sai su sayi impela kaɗai, wato robar nan mai fukafukai da ke juyawa cikin famfon. A ruwanmu wannan rabin gyara ne. Saitin Yamaha na asali yana zuwa da impela, kofin ƙarfen da take juyawa a ciki, farantin da take zama a kai, gasket mai hana yoyo, zoben roba da ɗan makullin da ke riƙe ta a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya ta. Kofin da farantin su ne dalilin da ya sa ya cancanci kuɗinsa. Da damina ruwan Rima jawur yake da laka, da rani kuma ya ja baya har ƙafar inji, wato ɓangarensa da ke cikin ruwa, ta riƙa shan yashi. Yashin nan yana zana layuka a jikin ƙarfen. Ja farcenka a kan tsohon faranti: in ya maƙale a wani zane, to ta nan ruwa ke komawa baya, kuma sabuwar impela ba za ta toshe shi ba. Shi ya sa inji ke jinkirin jan ruwa a silo, ya farfaɗo in an ƙara wuta.

Robar asali tana da laushi, in ka lanƙwasa fiffike ka saki sai ya miƙe nan take. Ta jabu marar suna tauri gare ta, kuma zafin Sakkwato na saurin busar da ita har ta tsage daga gindin fiffike.

Wajen ɗaurawa, shafa sabulun ruwa a cikin kofin, ka riƙa juya shaf ta hannun agogo kana danna murfin famfon a hankali, domin fukafukan su kwanta gefe guda. Tabbatar makullin ya zauna a raminsa, in ya zame shaf zai yi ta juyawa impela na tsaye. Sa giris a haƙoran shaf, ban da samansa. Lokacin mayar da ƙafar inji, leƙa ka ga bututun ruwa ya shiga bakin robarsa daidai. In tsohuwar impela ta fito da fiffike a gutsure, nemo guntun, don yakan je ya toshe hanyar ruwa a sama.

Inda saitin ya gaza: ba kowanne ke zuwa da murfin famfo ba. In an taɓa tayar da injin a tudu babu ruwa, zafi kan narkar da murfin ya karkace, dole a saya shi daban. Ko rabin minti ba ruwa ya isa ya ƙona impela. Kuma a je da lambar injin wurin saye, saitin mai ƙarfin doki 15 ba ya shiga mai 40.

Kafin a kwance komai, a duba abubuwa masu sauƙi. Zanzaro na son gina gidansa a bakin bututun fitsari, zaren nailan na kamun kifi ya isa ya buɗe shi. Leda da ciyawa kan rufe ragar shigar ruwa. A kwalekwalen katako mai dogon baya kuma, injin kan zauna sama da yawa, famfon bai nutse sosai ba, sai ya riƙa haɗawa da iska. Mai aiki kullum cikin ruwa mai yashi ya buɗe famfon sau ɗaya a shekara, kafin damina ta kankama.